Kawu Iro da Tozon Raƙumi

Duk wanda ya taɓa shigowa ofishinmu a Daura ya san asuwakin Kawu Iro. Ba a baki yake zama ba, a hannu yake, kuma aikinsa nuna allon kwamfuta. Kana cikin rubutu sai ka ji numfashin mutum a ƙeyarka, sai asuwaki ya sauka a kan kalma guda, ƙwas!

"Ina tozon?"

Gaisuwar safiyar ke nan. Ni 'yar ƙanwarsa ce, shekara shida muna aiki tebur da tebur, kuma wallahi sau da yawa na so in karya asuwakin nan biyu.

Bari in yi bayani saboda Innata da ire-irenta, waɗanda har ya rasu suke kiran aikinsa danne-danne. Ƙungiyar masu kiwo da fataucin dabbobi muke yi wa aiki. Duk dabbar da aka yi wa rigakafi, mu ke shigar da bayaninta: sunan mai ita, lambar kunnenta, ranar allura. Manhajarmu sai ta juya bayanin zuwa wani irin rubutu da ake kira XML, kowane abu da sunansa liƙe a jiki kamar ƙunshin saƙo a tasha, ta aika wa kwamfutar masu duba dabbobi a Kongolam, bakin iyaka. In bayani bai isa can daidai ba, dabba ba ta wucewa. Su kuma salon suna ɗaya kwamfutarsu ta sani: a haɗe kalmomi ba tazara, ta farko ta fara da ƙaramin harafi, masu bin ta da babba. Kamar lambarKunne, ko sunanMaiIta. Kai a ƙasa, tozo a tsakiya. Masu sana'ar na kiransa salon raƙumi, kuma da yake kakana falken raƙuma ne, Kawu ya ɗauki abin tamkar gadon gidansu.

Har gida abin ya bi shi. Ku tambayi matarsa, Hajiya Binta. Ta dawo daga unguwa ta tarar ya bi gwangwanayen kicin ɗinta da takarda da gam: garinKuka, dakakkenYaji, busasshiyarKuɓewa.

"Malam, shekara ashirin ina girki a ɗakin nan, yau zan ɓata?"

"Ba don ke ba ne, don wanda zai zo bayanki."

"Wa za ta zo bayana?"

Kawu ya ga inda maganar ta dosa, ya ɗauki hularsa ya ce an kira salla. Saura awa guda a kira.

Ga shi da tsimi. Duk lokacin da muka taɓa wani abu a manhajar, sai ya buga fayil ɗin farko a takarda ya karanta da ƙarfi, layi bayan layi, kafin a aika. Amma sayen takarda? Haram! Katin gayyatar biki yake tarawa, ya buga a bayansu. Wata rana ya miƙa wa shugaban ƙungiya, Alhaji Lawal, rahoto a irin wannan katin. Alhaji ya juya, ya ga ɗaurin aure a Dutsi, ya saka babbar riga ranar Asabar ya tafi. Ya tarar amaryar na goyon ɗa na biyu. Ya dawo yana huci, Kawu ko ɗago kai bai yi ba.

"Alhaji, ai da kwanan wata a jiki. Matsalarmu ke nan, ba ma karanta abin da ke hannunmu."

Muna dariya, amma shi ba wasa yake ba. Abin da yake tsoro guda ne, kuma ya sha faɗa mini.

"Hajara, injin nan in ya ga sunan da bai sani ba, ba ya ƙorafi. Tsallakewa yake yi, ya bar wurin fayau, ya ce miki an karɓa. Mutum ko ƙarya zai yi miki, kya gani a idonsa. Wannan ba shi da ido."

Saboda haka ya saita ƙa'idar a wuri ɗaya tak, daidai inda manhajar ke juya bayani, don kowane suna ya fita da tozonsa da kansa. Ya kuma hana kowa raɗa wa wani abu suna da hannu, domin sunan hannu ba ya bin ƙa'idar, yadda ka rubuta haka zai tafi. Ni a lokacin gani nake tsufa ne da son iko.

Ranar da ya tafi suna a Zango, aka ce a ƙara gurbin ranar allura ta biyu, kuma a ranar ake so. Na ce yau dai zan yi aiki ba numfashi a ƙeyata. Ina sauri, na rubuta sunan da hannu, da babban harafi a farko, yadda muke rubuta shi a cikin manhajarmu. Ban buga ba, ban karanta ba. Na aika, allo ya nuna kore, na jingina da kujera ina jin kaina.

Washegari da hantsi ya shigo.

"Kin buga kin karanta?"

"Haba Kawu, ai ya nuna kore."

"Kore! Miyar kuka ma koriya ce, ita ta ce miki shanu sun wuce?"

Bai zauna ba. Ya hau tsohon babur ɗinsa ya nufi Kongolam, wai sai ya gani a allonsu da idonsa. Na bi shi da tsaki a zuci.

Kafin azahar waya ta shigo. Muryarsa a kwance, kuma hakan ya fi tsawa firgita ni. Shanun wani dattijo, Malam Jauro, guda goma sha bakwai, suna tsaye tun safe. An yi musu allurar, amma a kwamfutar can gurbin ranar babu komai, don haka an hana su wucewa. Tafiyar kwana biyu suka yi a ƙasa, ga zafin bazara, ga biyu da ciki.

"Buɗe fayil ɗin. Karanta mini layi na huɗu."

Na karanta. Na ga abin da na yi. Na ce bari in mayar da harafin ƙarami.

"A'a. Kada ki taɓa harafin. Cire sunan da kika sa da hannu gaba ɗaya, ki bar ƙa'idar ta yi aikinta. In kika yi faci yau, gobe wani zai yi nasa."

Ko a wannan halin sai da ya sa na buga na karanta masa a waya. Ga sabis na ɗaukewa yana dawowa. Sai bayan la'asar bayanin ya shiga, shanu suka wuce.

Na shirya wa faɗa, faɗa bai zo ba. Bai taɓa tayar da maganar ba har ya bar duniya, kuma na yi zaton fushi ne ya hana shi. Abin ya daɗe yana ci na.

Ranar addu'ar ukunsa aka aiko cikin gida, wai wani dattijo a zaure yana neman 'yar ofis. Na yafa mayafi na fita. Malam Jauro ne, ban taɓa ganin fuskarsa ba sai ranar.

"'Yata, ni ban san abin da Iro yake yi da injin nan ba. Abin da na sani, ranar nan jarka huɗu ya ɗaure a babur, ya yi ta jigilar ruwa yana ba shanuna, rigarsa sharkaf. Da ma'aikata suka tambaye shi laifin wa, cewa ya yi nasa ne, ido ya fara tsufa."

Ya gyara sandarsa, ya dube ni.

"Ya kuma ce mini in ba ya nan, kada in damu, akwai wadda ta fi shi iyawa. To, jibi zan kai wasu. Za su wuce?"

"Za su wuce, Baba. In sha Allah."

Na koma ciki na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Allah Ya jiƙan Kawu Iro. Yadda ya rufa mini asiri, Allah Ya rufa masa. Allah Ya shayar da shi daga tafkin Alkausara, Ya sa can ta fi masa nan. Amin.