Baba Shiru: Sai Gam Ya Kwana

Kullum da safe, kafin masu shaguna su buɗe, Baba Shiru bakanike ya riga ya zauna a rumfarsa, ya jera sifanu bisa tsohon buhu, yana shaƙar iskar layin. Ido ya yi rauni, amma hancin nan, wai! Babur yana can bakin titi zai ce, "Wancan kafiretarsa na zubar da mai." Haka kuwa za a tarar. Shi ya sa wasu ke rage murya in sun zo wucewa.

Shekara talatin da huɗu ke nan yana liƙe kafiretar da wasu suka ce a jefar. Zai wanke tsagar, ya busar, ya goge da samfefa, ya matso gam iri biyu, fari da baƙi, ya cuɗa da tsinken ashana har su koma ruwan toka. Yana gama shafawa sai ya zare makullin babur ya jefa cikin hularsa. Ko hawayen jini za ka yi, sai gam ya kwana.

Ku tambayi Dogo, direban babur ɗin da ke kai mahaifinsa wankin ƙoda duk Alhamis. Wata Alhamis da hantsi kafiretarsa ta tsage. Baba ya liƙe, ya ɗauke makulli.

"Baba, don girman Allah! In tsoho ya rasa layinsa yau, jikinsa ba zai kai mako ba."

"Ɗanye ne, ɗana. Ba na bayarwa."

Dogo ya yi magiya, ya yi faɗa, har ya faɗi abin da ba a faɗa wa babba. Baba ya tashi. Ya laluba bayan rumfa, ya yaye wani tamfol da ba a taɓa ganin an ɗaga ba. Jan babur ne, tsaf, babu ko tsatsa.

"Na ƙanena ne," in ji shi. "Nawa ya ara ranar da ya rasu, don ya fi nasa gudu. Na liƙe masa kafiretar babur ɗin nawa, ya matsa mini, na ba shi makulli gam bai bushe ba. Mai ya zubo kan inji, wuta ta kama shi a kwanar gada. Hau ka tafi."

Bugu ɗaya babur ya tashi. Dogo ya rantse mana cewa kujerar da ɗumi ya same ta, alhali a inuwa take. Ya ɗauko tsoho, yana ta zuba gudu, amma da suka doshi kwanar gada sai babur ya rage da kansa, bai taɓa birki ba. Dogo ya ji tsoro ƙwarai. Sun isa asibiti ana kiran sunan tsohon.

Da ya dawo ya ba da labari, Baba ya sunkuyar da kai. "Bai son kwanar nan," kawai ya ce.

Ƙarshen watan nan Baba zai ajiye sifana, hannu ya fara rawa. Baba, kai ne ka yarda a zage ka da rana tsaka don kada a yi makoki a gidan wani. Mun gode, Allah Ya jiƙan ƙanenka, Ya sanyaya maka zuciya. Ku kuma masu gyara, ku koyi cewa a'a. Gara mutum ya tafi a ƙafa yana zaginku, gobe ya dawo da ransa.