Talabijin Ɗin da Na Tayar Saboda Zulai

Ranar wata Alhamis ce ta farkon damina, shekarar da nake aji biyar na firamare a Sandamu, Zulai ta kashe talabijin ɗin gidansu saboda ni. Yaran unguwa mun cika falon mahaifinta, gwiwa na gugar gwiwa a kan dardumar roba, har an fara kiɗan buɗe wasan kwaikwayon da ake nunawa bayan magariba, sai ta miƙe ta danna makunni, hoton ya tsuke ya ɓace. Ta juyo ta toshe hanci da gefen mayafinta. "Wani yana warin daddawa a ɗakin nan," in ji ta, "ba zan kunna ba sai ya fita." Babu wanda ya tambayi wa take nufi, don duk unguwar an san Inna, mahaifiyata, ita ce mai daddawa. Idanu suka dawo kaina. Wani yaro daga baya ya ce, "Rabi, ki fita mana, za a wuce mu." Na tashi na tsallake ƙafafu, na tsuguna a bakin ƙofa ina laluben takalmana cikin tulin takalma, ban ma gama sawa ba na ji kiɗan ya dawo, na ji dariya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne kafin wannan shekarar, gidanmu ne gidan kallo. Kawuna direba ne ya kawo mana ɗan ƙaramin talabijin baƙi da fari daga Kano, shi ne na farko a layinmu. Da yamma Yaya Lawal, wana, yakan fito da shi tsakar gida ya ɗora a kan turmin da aka kife, ya juya eriyar da aka ɗaure a kan doguwar gora, mu kuma mu shimfiɗa tabarmi daga bakin rijiya har gindin rumbu. Zulai a gefena take zama, a gaba. Da cokalina take shan kunu, a cinyata take yin barci, kuma duk tsawon lokacin nan kalwar Inna tana can a rufe cikin kwando tana nuna, ban taɓa ganin ta taɓa hancinta ba.

Sai talabijin ɗinmu ya fara ciwo. Da farko in an kunna sai ya daɗe yana gurnani kafin hoto ya fito. Daga nan mutanen ciki suka fara lanƙwasa kamar ana kallon su ta cikin ruwa, kawunansu suka baje, sama da ƙasan gilashin suka yi baƙi. Yaya yakan kai masa mari a gefe ya ɗan miƙe, har ranar da mari ya daina aiki, babu abin da ya rage sai farin layi guda a kwance a tsakiya. Aka rufe shi da tsohon zane aka tura ƙarƙashin gadon Baba. Cikin watannin nan ne mahaifin Zulai, wanda dillalin shanu ne, ya dawo daga kudu da babban talabijin mai kala, kallo ya koma gidansu.

Ban faɗa wa Inna abin da ya faru ba, amma kafin gari ya waye yara sun kai mata. Da hantsi ina shara na hango ta a bayan madafa, ta ɗauka babu mai ganinta, ta ɗaga hannun rigarta tana sansanawa. Matar da take tashi tun asuba ta dafa kalwa, ta surfa, ta wanke har yatsunta su yi fari, wadda daddawarta ke cikin miyar kowane gida a layin. A wurin nan, da tsintsiya a hannuna, na ƙudura cewa sai Zulai ta zo ƙofar gidanmu da ƙafarta tana neman a bar ta ta shiga.

Da na tunkari Baba da maganar gyara, ko kallona bai yi ba. "Ana batun taki, ke kina batun akwatin kallo," ya ce. Na yi ta binsa, in kai masa buta, in riga kowa zuwa gona cirar ciyawa, har ya gaji ya ce Yaya ya kai shi Daura a duba, amma kada a dawo masa da zancen sayen komai. Ranar kasuwa muka naɗe talabijin ɗin da bargo, muka sa a amalanken shanun maƙwabcinmu tsakanin buhunan gero, na rungume shi har cikin gari.

Mai gyaran, Malam Ilu, yana da rumfa a bayan kasuwa, matattun rediyoyi jibge har rufi. Dattijo ne marar yawan magana, da tabarau ɗaure da zare. Ya jingina fasasshen madubi a gaban gilashin don ya riƙa ganin hoto yana aiki ta baya, ya kwance murfin, sai ga gidan zanzaro da yanar gizo-gizo da ƙurar shekaru. Na miƙa hannu zan share, ya buge mini shi. "Kul, 'yata. Abin nan ko a kashe yake yana riƙe da wutar da za ta jefar da ke waje." Ya zura sukudireba mai waya a ƙarƙashin wata roba da ke manne a bayan kwalbar gilashin, na ji tas, sannan ya ce in matso. A kan koren allon da ke ciki akwai wasu ƙananan gwangwanaye a tsaye kamar batiran tocila. Ya ce sunansu kwandansa, su ne ke tara wuta su riƙa sakinta daidai, in sun tsufa sai su bushe ko su kumbura. Ya nuna mini da bakin sukudireba: wasu kawunansu sun yi tozo, ɗaya babba har ya yi aman wani jan abu ya bushe a gindinsa.

Sababbi sai an aika Kano, kuma na san amsar Baba. Malam Ilu ya tona nasa tulin ya samu ƙanana biyu da suka dace, sauran ya ce an riga an cinye su a wasu gyare-gyaren. Ganin na ƙi tashi daga kan benci, sai ya ciro kumburarrun ya zuba mini a tafin hannu. Ya ce garinmu ba zai rasa rediyoyin da suka mutu aka jefar ba, in tattaro masa su, ya ciri abin da talabijin ɗinmu ke so, sauran ya riƙe a matsayin ladansa. Na ƙulle su a bakin kallabina.

Haka na shafe tsakiyar daminar nan. In na taso makaranta na ɗauki faifan daddawa, duk gidan da na shiga talla sai na tambaya ko akwai tsohuwar rediyo. Na ciro wata a cikin akurki, kaji sun mayar da ita wurin kwana. Na sauko da wata daga saman rumbu. Wata tsohuwa ta ba ni ta marigayi mijinta bayan ta sa na yi mata tsifar kai. Yara suka sa mini suna Rabi mai gawar rediyo, Zulai ce ta fi kowa rera shi a filin makaranta. Ranar Juma'a lokacin hutun ƙarfe tara, in sun haɗa kai suna ba da labarin wasan jiya, nakan koma gindin dalbejiya in yi carafkena ni kaɗai, ina jefa dutse ina tsara maganar da zan faɗa mata. Na tsara ta a bakin rijiya, na tsara ta a gona tsakanin kunyoyin gero, na sauya ta ya fi a ƙirga.

Yawancin abin da na kai wa Malam Ilu ba su da amfani, su ma nasu sun bushe. Yakan ɗora musu wayoyin wani agogo mai allura, ya girgiza kai ya jefa a kwali. A hankali dai ƙananan suka cika, saura babban, wanda ya ce sai a cikin rediyo mai kaset. Na neme shi har na fara fid da rai. Rannan Inna ta aike ni rugar da ke bayan gari karɓo nono, sai na ga yara suna jan wata ƙatuwar rediyo mai kaset da igiya, sun mayar da ita mota. Uwarsu ta yi dariya da na tambaya, ta ce in ɗauka in bar mata daddawar da ta rage a faifaina. Na ɗoro ta a ka, ƙwaryar nono a hannu, ban tsaya hutawa ba har gida.

Ina tsaye a kansa ranar da ya dasa shi. Ya ɗora ƙarfensa mai zafi, dalma ta narke, hayaƙi mai ɗaci ya shiga idona. Ya kunna. Babu gurnani. A cikin madubin na ga farin layin nan ya buɗe sama da ƙasa har ya cika gilashin, ga wani mutum yana karanta labarai, kansa daidai, hularsa daidai. Kafin ya mayar da murfin ya nuna wa Yaya wata 'yar kafa a baya, ya ce irin waɗannan ƙananan har da batirin mota suke aiki, abin da manya masu kala ba sa yi. Yaya ya ce to. Ni kuwa tun a kan amalanke nake tunanin tsohon batirin da Kawu ya ajiye a zaurenmu.

Da muka dawo da shi, yara ƙalilan ne suka zo, don mai kala ya fi daɗin kallo. Ban damu ba. Na roƙi Kawu ya kai batirin aka yi masa caji, na rufe shi da buhu, na zauna jira. Na san damina. Ana dab da fara yankan gero aka yi wata iska mai ƙarfi da ta kayar da turakun wuta a kan hanyar Daura, gari ya kwana biyu babu lantarki, kuma Alhamis ɗin makon ce za a nuna ƙarshen labarin da aka yi watanni ana bi.

Bayan magariba Yaya ya maƙala wayoyi a batir. Sautin kiɗan ya tsallake katanga, kafin a jima tsakar gidanmu ta cika har kan katangar rijiya. Ni ban zauna ba, ina gefen turmi, idona a ƙofar zaure. Sai da aka fara wasan ta shigo, ta raɓe a jikin bango tana neman inda za ta tsuguna. Na kai hannu na kashe. Na taka har inda Inna ta shanya daddawa a tabarma, na zaɓi ɗanya, wadda ba ta gama bushewa ba, na miƙa mata.

"Namu ba ya kamawa sai kin riƙe wannan," na ce. "Ki riƙe har a tashi, ko ki koma gida ki kalli naku."

Duk dogayen maganganun da na tsara ban faɗi ko ɗaya ba. Ta dubi yaran, su kuma suka yi mata abin da suka yi mini: "Zulai, ki karɓa mana, za a wuce mu." Na ɗauka za ta juya, amma ta miƙo hannu. Na kunna. Ban san yadda labarin nan ya ƙare ba har yau, don ita na kalla tun daga farko har ƙarshe, tana tsugune kusa da takalma, hasken gilashin yana wasa a fuskarta, daddawa tana narkewa a tafinta.

Inna tana bakin madafa, ta ga komai. Da aka tashi ta kira Zulai, ta zuba mata ruwa da sabulu ta wanke hannu, sannan ta ƙunsa busasshiyar daddawa a ganye ta ba ta. "Kai wa Hajiyarku," ta ce, ba da ƙarfi ba, amma kowa ya ji. "Tun shekaranjiya ta aiko tana nema, ta ce miyarku ba ta daɗi in babu." Bayan an watse ta dube ni ta ce, "To, kin rama. Ya isa haka." Ban sake yi mata ba, amma ban kuma zama kusa da ita ba har muka gama firamare, kuma ban taɓa jin na yi mata fiye da abin da ta saya ba.

Yanzu a Katsina nake aure. Akwai talabijin shafal manne a bangon falona, wani lokaci ya wuni yana magana shi kaɗai, yara kowa na ɗakinsa da waya a hannu. Rumfar Malam Ilu ta zama wurin cajin waya, in abu ya lalace ba a buɗe bayansa, sabo ake saye. Zulai tana Babban Mutum da jikokinta, mukan haɗu a biki mu gaisa, mu tambayi yara. Kwanaki ƙaramar 'yata ta same ni tana hawaye, wai ƙawarta ta cire ta daga zaurensu na hira a waya bayan ta yi mata dariya a gaban sauran, ta tambaye ni yadda za ta yi. Na share mata hawaye, na san dabarata ba za ta yi mata aiki ba. Mu a lokacinmu, wanda ya ɓata maka rai ko ba daɗe sai ya biyo ta ƙofar gidanku.