Ranar da Ban Yi Gudu Ba

Mutanen kasuwar Tanut sun san ni da rumfar fatu da hatsi, da wannan tumbi da nake turawa gaba kamar mai tallan tulu. In aka ce musu ni ne na taɓa tsere wa samarin Damagaram kaf a guje, dariya suke yi. Su yi ta yi. Ni abin ba ya ba ni dariya, don gudun nan shi ya shiga tsakanina da mahaifina, na yi shekaru ina neman kalma ɗaya daga bakinsa, ya ce ya yafe mini.

Ƙauyenmu yana gefen Ollelewa. Baba mai kiwon jimina ne, gadon kakanmu. A da ana killace su a bayan gida, a fige gashin, Larabawa masu ayari su saya su haura da shi arewa. Ni ban tarar da wannan arziki ba. Ina yin wayo kasuwar gashi ta mutu, saura jiminu uku da Baba ya ƙi yankawa ya ƙi sayarwa, don taurin kai kawai. Ya koma noman gero, yana yi yana tsaki. Inna kuwa daga wajen Belbeji aka auro ta, ƴar masu haƙar rijiya, mace marar yawan magana. Ni ne ɗan farinsu, saboda haka babu mai kiran sunana a cikinsu. "Kai" nake a bakin Baba, "wancan" a bakin Inna. Kunyar ɗan fari ce, kowa ya sani, amma yaro ba ya rarrabe kunya da ƙiyayya.

Jiminun nan su suka koya mini gudu. In ɗaya ta ɓalle ni ake turawa. Jimina ba a kama ta da sauri, wanda ya ce ya yi maƙaryaci ne. Bin ta ake yi ba tsayawa, har ta gaji ta buɗe baki tana haki. Sai in koro ta gida da yamma, ƙafafuna duk ƙarangiya. Baba ya zagaya tsuntsuwar ya ga ko ta ji ciwo, ni ko kallo ban ishe shi ba.

Shekarar da Nasara suka ce kowane mai gari ya ba da yaro lakwal, wato makarantar boko, masu hali suka ɓoye nasu, aka ɗauke ni zuwa Damagaram. A can malaminmu, wanda muke ce wa mushe, yakan sa mu zagaya fili kowace safiya. Yara na faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, ni ko gumi ban fara ba. Ya ware ni, ya ɗinka mini gajeren wando, ya riƙa tsayawa da agogo a hannu yana kaɗa kai. Wannan ne karo na farko da babba ya yaba mini a fuskata, kuma wallahi ya shiga kaina.

Na zama saurayi a can. Wata shekara, ranar sallar Faransawa, aka shirya tseren ƙafa a zagaya bayan ganuwa, har da sojoji a ciki. Ban san Baba ya shigo gari da ayarin gero ba. Na zo na ɗaya, na biyun yana can baya ba a ko hango shi ba. Kumandan, Baturen da ke mulkin garin, ya miƙo mini kan sukari guda da yadi. Ina juyowa na ga Baba a cikin taro. Na ruga na durƙusa na ajiye sukarin a gabansa, raina fes, na ce yau dai zai yi magana.

Ya yi kuwa, amma sai da muka isa masaukinsa. Ya ce, "Kai, cinyoyinka a waje gaban mata da Nasara, ana yi maka shewa kamar dokin sukuwa. Wannan ne karatun?" Ya karɓi Alƙur'anin mai masauki, ya sa na yi alwala na dafa. Na rantse ba zan ƙara gudu ba muddin yana raye. Sukarin a nan zauren muka bar shi.

Daga nan lakwal ta fita raina. Na bar ta, na sayi jakai biyu, na shiga kai gero Tanut ina sayar wa Buzaye, ina sayen fatu a hannunsu. Allah ya sa wa abin albarka, na kama ɗaki a Tanut, na fara naɗa rawani. Shekara huɗu duk wata ina zuwa gida da goro da turmin alawayyo. Baba ya ce, "Ajiye can." Ke nan. In zauna a gefen tabarma ina jira ko zai ce ya huce, ya ɗauko zancen damina. Ni kuma girman kai ya hana ni buɗe baki in ce Baba ka yafe mini. Gado ba ƙarya ba ne, taurin kan nan a wurinsa na samo.

Bayan kaka ne, wata safiya ina idar da sallar asuba, wani Buzu da ya yi tafiyar dare daga ƙauyenmu ya tsai da raƙuminsa a ƙofata. Ya ce tsoho yana jin jiki sosai, ya ce a kira ka. Ya wuce arewa abinsa. Na zagaya gari neman doki, ashe an kwashe na kirki an raka kumandan rangadi, sauran ramammu ne da ba za su kai rabin hanya ba. Jaki kuwa, gara ƙafata.

Na san hanyar nan kamar tafin hannuna. A tafiya, komai saurinka, sai bayan la'asar. A guje, ni a lokacin, kafin azahar ina gida. Na tsaya a bakin gari na tattare riga, har na ɗaga ƙafa, sai na tuna tafin hannuna a kan Littafi. Na ce mutum yana kwance a bakin mutuwa, ya kira ni ƙila don ya yafe mini, in shiga masa ina haki, ya gane na karya rantsuwar da ya sa ni? Da wane ido zan dube shi? Na sauke rigata na kama tafiya.

Ban taɓa yin yini mai tsawon wannan ba. Ƙafafuna suna roƙona, ina danne su. Na wuce Fulani suna shayar da shanu a rijiya, ban tsaya shan ruwa ba. Na jefar da takalma don suna ja mini baya. Sau uku jikina ya zarce da kansa, in ankara in ja birki ina istigfari. Jakin duniya, ni ɗin nan. Daga baya wani malami ya gaya mini rantsuwa irin wannan ana karya ta don abin da ya fi ta alheri, a ciyar da miskinai goma, shi ke nan. Miskinai goma, ni da na bar buhunan gero jibge a ɗaki. Lakwal ta koya mini lissafi da Faransanci, wannan ɗaya ba ta koya mini ba.

Rana ta yi sanyi na hango rumbunan ƙauyenmu. Ina shiga na ga tabarmi a ƙofar gida, maza zazzaune, ƙasar kabari ba ta ko bushe a ƙafafunsu ba. Da azahar ya cika, aka ce, bayan an idar da salla kaɗan. Wato sauran tafiyar nan da na yi ina danne ƙafa, rantsuwar ta riga ta sauka daga kaina ban sani ba.

Na shiga wurin Inna. Tana zaune a ƙasa ta juya mini gefe, yadda ta saba. Na yi mata gaisuwa, ta amsa. Can ta yi magana, tana duban bango.

Ta ce, "Tun hantsi ya sa aka fito da shi ƙofa aka jingina shi, yana duban hanya. Duk wanda ya ce Tanut da nisa, a mai da shi ɗaki, sai ya ce ku ba ku san yaron nan ba. Ya ce a Damagaram gaban idonsa ka bar sojojin Nasara a baya. Ya ce kafin azahar kana nan. Shekara huɗu babu baƙon da zai kwana gidan nan bai ba shi labarin tseren nan ba."

Sannan ta juyo ta dube ni sosai, abin da ban taɓa ganin ta yi ba. Ba ta san da zancen rantsuwa ba, bai taɓa gaya mata ba, ƙila ma shi kansa ya daɗe da mantawa. Ta ce, "Me ya tsare ka?"

Na ce mata ban samu doki ba.