Karɓo Makullin Zaure a Mandera

Mun bar Sakkwato bayan sallar asuba ranar Lahadi, kwana tara da rasuwar Malam Altine. Mu biyu ne, ni da wata 'yar ƙungiyarmu ta marubuta. Mun gaisa a tasha gaisuwa ta wajibi, daga nan kowa ta kama bakinta.

Ga wanda bai sani ba, Malam Altine ne ya buɗe zauren tattaunawa na ƙungiyarmu a waya, shekara bakwai da suka wuce. Malamin firamare ne kuma manomin albasa a wani ƙauye kusa da Mandera. Shi kaɗai ne admin, wato makullin zauren a hannunsa yake. Tsarinsa mai sauƙi ne: ranar Asabar a ɗora labarin mutum ɗaya, kowa ya karanta, ranar Alhamis a yi sharhi. Dokarsa guda ce, a taɓa rubutu, kada a taɓa mai rubutu.

Ni da abokiyar tafiyata muka karya dokar. Labarinta aka ɗora, na ce ya yi ruwa. Ta ce wadda ta shekara uku ba ta gama rubuta littafi ɗaya ba, ba ita za ta koya wa wani rubutu ba. Na mayar mata da abin da ba zan maimaita a nan ba. Jama'a suka rabu, masu goya mata baya da masu goya mini. Da la'asar Malam ya kulle zauren yadda ba mai iya rubutu sai shi, ya ce kowa ya je ya huce, zai buɗe gobe bayan Juma'a. Da hantsin Juma'ar ya faɗi a gona. Kafin a kai shi Shagari rai ya yi halinsa.

Tun ranar zauren yake kulle. Ko ta'aziyya ba a iya rubutawa a ciki. Kafin kwana bakwai an buɗe sababbin zauruka biyu, kowane ɓangare da nasa, kuma ba wanda ya shiga na ɗan uwansa. Tsohon zauren ne kaɗai ya tara kowa. In bai buɗe ba, ƙungiyar ta rabu ke nan. Dattawanmu suka ce a je a yi gaisuwa, a roƙi a buɗe wayar mamacin. Matarsa tana takaba, sai mace ce za ta shiga wurinta. Suka ce mu biyu da muka jawo kullewar mu za mu je.

Motar haya muka shiga, mutum huɗu a baya. Direba bai san ba ma ga maciji da juna ba, ya ce mu matsa, ya saka wata dattijuwa da kwandon kajinta. Haka muka tafi kafaɗa da kafaɗa, gwiwarta a kan tawa, kowa tana kallon gefenta. Kuɗin mota ya ninka abin da na sani bara, amma ba wanda ya yi ciniki. Mutane sun gaji da tambayar dalili.

A Bodinga muka tsaya direba ya sha mai. Gari ya riga ya tashi, ana jin karatun allo daga wani zaure a bayan masallaci, masu waina sun hura wuta. Na sayi waina ta ɗari biyar, aka ba ni 'yan ƙanana da ba su cika tafin hannu ba. Na miƙa wa dattijuwar, na miƙa wa abokiyar tafiyata. Ta ce ta ƙoshi. Ni ma ban iya ci ba, kajin ne suka amfana.

Da muka wuce Sifawa sai na tuna Malam ya sha cewa wata rana zai tara mu a garin, mu ga inda Shehu ya zauna, mu yi karatun labari ido da ido. Yawancinmu ba mu taɓa ganin fuskarsa ba. Ni sau biyu na gan shi. Muryarsa muka sani, don ba ya son dogon rubutu, ya fi son ya naɗo magana, wani lokaci kana jin kukan injin ban ruwa a bayansa.

Daga Lambara zuwa Shagari hanya duk albasa ce. Lokacin cira ne, buhuna jere a bakin titi, manyan motoci suna lodi, warinta ya cika motar har idona ya yi ruwa. Na gode wa albasar, don ta ba ni abin fakewa. A Shagari muka sauka, muka hau kabu-kabu biyu. Hanyar ƙauyen yashi ce, zafi kuma ya fara tun kafin ƙarfe tara. Sau biyu muka sauka muka taka.

A ƙofar gida muka sami yayan mamacin zaune a kan buzu, dattijo ne mai makarantar allo a Shagari, ya dawo gida ne saboda rasuwar. Muka durƙusa daga nesa muka yi masa ƙarin haƙuri, ya yi addu'a, ya ce mu shiga ciki. Ba mu ambaci waya ba. Ba a shiga gidan mutuwa da buƙata a baki.

Matar Malam tana ɗakinta a kan tabarma, sanye da tufa marasa ado, ƙaramar 'yarta tana barci a cinyarta. Aka kawo mana fura. Muka yi gaisuwa. Da muka faɗi daga inda muke, sai ta ɗaga kai ta dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Wace ta cikinku tac ce labarin ya yi ruwa?"

Na ce ni ce.

"To ke ta mai labarin ke nan," ta ce wa ɗayar. "Ni dai ya yi min daɗi. Amma ya yi tsawo kaɗan."

Ashe duk labarin da aka ɗora, Malam yana karanta mata shi da marece, tana tankaɗe ko tana tsintar shinkafa. Ta san sunayenmu. Ta san mai yawan kashe jarumansa, ta san mai sa kowa ya yi kuka a babi na farko. Ta ce ranar Alhamis ɗin da ya kulle zauren dariya ya yi, ya ce a bar mu mu kwana, gobe kunya za ta kama mu da kanta. Abokiyar tafiyata ta ja mayafi ta rufe fuska. Ni na ƙura wa ƙwaryar furar ido.

Ita ce ta sauƙaƙa mana. Ta ce ta san abin da ya kawo mu bayan gaisuwa, ta kuma san zanen da ake ja a buɗe wayar, amma wayar tana wurin yayansa tare da sauran kayan gado.

Muka koma waje. Na yi bayani a hankali, na fara da "Allah ya gafarta Malam", na bi maganar daki-daki don bai san yadda zauren waya yake ba. Na ce kamar ɗaki ne mai ƙofa ɗaya, ƙanensa ya kulle ya tafi da makullin. Da na gama, ya dube mu ya ce:

"Ɗiyana, wayag ga dukiyar marayu ta. Ba ni da ikon ba ku ita, ko na yini guda."

Na ce mun sani, ba mu zo ɗauka ba.

"To ku buɗe gabana. Kada ku karanta abin da ba naku ba. Ku ɗauki makullinku, kana ku hidda sunanai daga ciki. Duk abin da anka faɗi a wurin nan, mai kyau da maras kyau, shi ne shugaba. Ya tahi. Ku sauke mai kayan ga."

Ban zo da shirin wannan ba. A raina, sunansa zai zauna a zauren har abada. Amma dattijon ya fi ni gaskiya, kuma wayar ma sayar da ita za a yi a raba kuɗin.

Aka fito da ita daga cikin wata jakar fata, a mace, ba caji. Abokiyar tafiyata ta ciro fawa-bank daga jakarta, igiyar cajinta ba ta shiga ba, tawa ta shiga. Aka kai wa matar ta ja zanen, aka dawo da ita. Sabis ba ya kamawa a cikin gida, sai a bayan makarantar firamare inda yake koyarwa, kusa da rumfunan kara da ake ajiye albasa. Can muka tafi mu uku, dattijon yana gaba da sandarsa.

Da sabis ya kama, wayar ta yi ta kuka ba tsayawa. Saƙonnin kwana tara ne suke shigowa. Na kiyaye sharaɗin, ban buɗe ko ɗaya ba, amma sunaye suna wucewa a gaban idona, kowanne da layinsa na farko. A cikinsu na ga nawa. Na manta ma na tura shi, da safiyar Juma'ar: "Malam ka buɗe mana, ban gama magana ba." Bai karanta ba. A lokacin da na tura shi, wataƙila yana kwance a gona.

Na shiga zauren, na ba kaina makulli, na ba abokiyar tafiyata. Saura fitarwa. Na miƙa mata wayar, ta girgiza kai, ta ce ni ce na fi daɗewa da shi. Wayar ta tambaye ni ko na tabbata. Na danna. Nan take wayoyinmu biyu suka nuna ɗan ƙaramin rubutu cewa Malam Altine ya fita. Dattijon ya karɓi wayar, ya kashe ta, ya mayar cikin jakar fata, ya ce Allah ya yi mana albarka.

Mun yi sallar azahar a ɗakin matar, muka yi sallama. Ta roƙi abu ɗaya, in akwai muryoyinsa a wayoyinmu a tara mata su, don yarinyar ta ji in ta girma. Muka ce to.

A dawowa motar ba ta cika ba, akwai fili, amma wuri ɗaya muka zauna. Wajen Bodinga ta ce mini babi na uku ne ya yi tsawo, ta sani tun farko. Na ce ni ma abin da na faɗa ba sharhi ba ne, haushi ne. Iyakar abin da muka ce a kan rigimar ke nan. Mun yarda ba za a buɗe zauren ba sai kowa ta isa gida, kuma za a ƙara dattawa biyu a kan makullin.

Na shiga gida kafin magariba. Abin da tafiyar ta koya mini ba shi da yawa. Kada a bar makulli a hannun mutum ɗaya, komai amanarsa. Kuma shekara bakwai muna zuba masa rigimarmu kamar ba shi da gona, ba shi da aji, ba shi da ciwo, ba wanda ya taɓa tambayarsa ko ya gaji.

Bayan na yi salla na buɗe zauren. Na rubuta cewa ni ce na fara karya doka, a yafe mini. Na ɗauka addu'o'i ne za su fara shigowa. Saƙon farko na wani dattijo ne da ke zaune nesa, wanda ba ya cikin ko ɗaya daga sababbin zaurukan, ba ya kuma magana sai ranar sharhi. Ya ce alhamdu lillahi an buɗe, amma ya ga Malam ya fita ɗazu, wa ya ɓata masa rai? A ba shi haƙuri a dawo da shi.

Na jira ko wani zai amsa. Mutane da yawa sun karanta, ba wanda ya rubuta komai. Sai na gane yanzu wannan aikina ne. Na fara da Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, sannan na faɗa masa.