Ranar da Tanko Mai Buhu Ya Je Ƙasar Lajawa

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa, amma ban taɓa mantawa da ranar Talatar da muka kai jarumin ofishinmu wani ƙauye a ƙasar Lajawa ba. Ku da kuka zo aikin wayar da kai a zamanin kwamfuta, bari ku ji yadda muka yi namu da fensir da kwali.

Lokacin kuɗin mai ne, kowa yana ji da kansa. Masinjanmu ya sayi babur, akawunmu ya sayi firji tun ba a kai wuta unguwarsu ba, yana ajiye huluna a ciki. Takin zamani kuwa mota-mota ake kawo shi Wudil ana jibgewa a sito. Manoma sun ɗiba a damina ɗaya, da shekara ta zagayo sai suka ja baya. Ba wanda ya san dalili, domin duk rahoton da ya fita daga ofishinmu abu ɗaya yake faɗa: manoma sun yi na'am.

Ni a lokacin mataimakin mai zane ne, mataki na huɗu a tsarin albashi. Kafin nan a tashar mota nake, ina zana zaki da bishiyar dabino a bayan manyan motoci, shi ya sa har na yi ritaya Garba Fenti ake kirana. Ga wanda bai sani ba, sabon ma'aikaci shekara biyu yake yi a kan gwaji. Idan suka cika, shugabansa ne zai rubuta ko a ba shi takardar tabbatarwa ko a sallame shi. Ni saura wata biyu nawa su cika, matata ta haihu ko arba'in ba ta yi ba, muna zaman haya a Sabon Gari. Wato dai tuwon gidana yana bakin alƙalamin mutum ɗaya.

Mutumin nan shi ne Malam Lawan, shugaban sashenmu, mataki na takwas. Ya taɓa zuwa kwas na wata uku a ƙasar Turawa, kuma wata ukun nan sun ishe shi hira har ƙarshen aikinsa. Ko ruwa zai sha sai ya gaya maka yadda ake shansa a can. A bayan idonsa Na-Kwas muke ce masa. Ya dawo da lofen da bai taɓa kunnawa ba, da damin littattafan zane na yaran Turawa, irin waɗanda ake ba da labari akwati-akwati, magana tana fita daga bakin mutum cikin wani abu kamar balan-balan.

Wata safiya ya kira ni ya baje su a kan tebur. Duk ƙarti ne masu ƙirji kamar ƙofar zaure, sun ɗaura mayafi a wuya suna shawagi a sama.

Ya ce, "Garba, ka ga abin da ya ciyar da mutanen can gaba? Jarumi. Manominmu ya gaji da lacca, jarumi yake so ya gani. Za ka zana mini ɗaya, sunansa Sarkin Ƙarfi. Yana tashi sama, yana ɗaga tarakta da hannu ɗaya, yana yayyafa wa gonaki taki. Wani babba zai zo daga Kano ya ga gwajinsa. In ya karɓu, takardarka ta fito. In bai karɓu ba, ai ba ka manta hanyar tasha ba."

Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan ɗan kamfan da suke ɗorawa a kan wando fa, shi ma a zana?"

"Haka ake yi a can. Kai dai zana."

Na zana. Mako uku ina fama da Sarkin Ƙarfi, mutumin da ba ya gumi, ba ya tuntuɓe, ko ƙuda ba ya sauka a fuskarsa. Labarin ya ƙare a shafi na tara. To a aikin ɗab'i akwai ƙa'ida: takarda ɗaya idan aka ninke ta shafi huɗu take bayarwa, saboda haka littafi sai dai ya zama shafi takwas, ko sha biyu, ko sha shida. Shafi uku sun rage fayau. Na koma na gaya wa Malam Lawan, ko ɗago kai bai yi ba ya ce in cike su da hoton buhun taki.

Na zana buhun farko, sai raina ya ƙi. Akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. A daminar da ta wuce na shuka masara 'yar kaɗan a bayan ɗakinmu, na samo taki na tula mata a gindi, cikin kwana huɗu ta ƙone ƙurmus. Da matata ta tambaya na ce tsutsa ce. Ni ma'aikacin wayar da kai, ina zan ce ban iya ba? Wannan haushin ne ya fito ta bakin fensir.

Na zana wani gajere mai tumbi, ƙafafu kamar sillen kara, na sa masa suna Tanko Mai Buhu. Ya ga Sarkin Ƙarfi ya wuce a sama, shi ma ya farke buhun taki ya ɗaura a wuya. Ya hau katanga zai tashi, ya faɗa kan akurkin kaji. Bunsuru ya bi shi, ya ruga yana neman agaji. Ya je gona ya kamfaci taki hannu biyu ya tula a gindin gero, shi a ganinsa yawa ne jarumta. Gero ya ƙone, matarsa ta tambaya, ya ce sammu aka yi masa. A shafin ƙarshe ya lallaɓa ta bayan gari don kada a gan shi, ya je wurin malamin gona, aka nuna masa: cikin murfin kwalba ɗaya, nesa da gindi da yatsu huɗu, a tona a rufe, kuma sai ƙasa na da danshi. Gonarsa ta yi. Ba wani abin a zo a gani ba ne, amma ta yi.

Bisa tsari na sa zanen a fayil na kai teburin shugaba. Ya dawo washegari da jan biro a shafin farko: "Na gani." Malam Lawan bai taɓa karanta komai ya wuce shafi na uku ba, kuma da wannan na dogara.

Yadda ake gwaji shi ne a kwafe kowane shafi a babban kwali, a je ƙauye, mutum ɗaya yana ɗagawa, wani yana karantawa. Idan dattawa suka ce madalla, sai a rubuta cewa ya karɓu. Abin da kwas bai koya wa shugabana ba shi ne, mutumin ƙauye ba ya kushe kayan baƙo a gaban baƙo. Ko hoton jaki ka nuna masa a juye, madalla zai ce, ya raka ka har bakin mota, sannan ya koma ya yi abin da ya ga dama.

Muka isa da hantsi cikin Landiroba, ana tsananin zafin bazara. Babban da ya zo daga Kano wani Alhaji ne mara yawan magana, mai duba ayyukan wayar da kai. Aka ba shi kujera ɗaya tilo a gindin darbejiya, ƙofar gidan mai unguwa. Magidanta sun kai hamsin a kan tabarmi. An daɗe ana gaisawa, an tambayi gajiya, an tambayi iyali, an tambayi zafi, sannan na ɗaga kwalin farko.

Malam Lawan ya karanta da murya kamar mai labarun rediyo. Sarkin Ƙarfi ya tashi, aka ce madalla. Ya ɗaga tarakta, aka ce madalla. Ya yi ruwan taki a kan gonaki, aka ce madalla. Shugabana yana ta satar kallon Alhaji.

Sai wani dattijo mai farin gemu, Malam Ado, ya gyara murya. "Allah ya ja zamanin mai unguwa, ina da 'yar tambaya. Yallaɓai, shi wannan bawan Allah, yaushe gwamnati za ta turo mana shi?"

Malam Lawan ya ce, "Baba, ai misali ne."

"To, to. Na ce ko kafin ruwa ya sauka zai zo. Don in shi zai zuba, mu ai sai mu zauna mu yi ta yi masa addu'a. Kuma don Allah in zai zo a taimaka masa da riga, akwai matan aure a garin."

Ba wanda ya yi dariya. Da gaske yake, ko kuwa ba da gaske yake ba, har yau ban sani ba. A shekarun nan komai daga sama yake faɗowa, me zai hana taki?

Malam Lawan ya yi mini alama in sauke kwali, a zatonsa an gama. Alhaji ya nuna sauran ukun da ke jingine da ƙafata ya ce, "Waɗancan fa?" Na ɗaga na goma. Shugabana ya buɗe baki zai karanta, ya ga Tanko a kan akurki, ƙafafu a sama, muryar rediyon nan ta ɗauke. Ya matso kusa da kunnena ya ce, "Ka gama aiki, Garba." Na ce a raina, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Ashe Tanko ba ya bukatar mai karatu. Wani daga baya ya fara ƙyalƙyalewa, sai wurin ya ɓarke. Da bunsuru ya bi shi har da masu riƙe ciki. Amma da na ɗaga kwalin da ya tula taki a gindin gero, sai dariyar ta koma musu. Wannan ya ce yawa ya yi. Wancan ya ce a'a, a busasshiyar ƙasa ya zuba. Wani ya ce, "Wawa, ai ba a haɗa shi da gindi!" Mutanen da tun safe ba su san wata kalma ba sai madalla, ga su suna nuna kwali da sanda, sun manta da akwai baƙi.

Malam Ado ya dafa ƙasa ya miƙe. Ya ce, "Jama'a, ku daina zagin yaron nan. Wallahi abin da ya yi shi na yi bara. Gonata ta bakin rafi, ni na ƙone ta da hannuna, na dawo na ce muku takin Nasara ne yake kashe ƙasa. Kunya ce ta hana ni faɗa."

Dattijo ne mai surukai, kuma biyu daga cikinsu suna zaune a wurin. Can sai wani ya ce, "Baba, ba kai kaɗai ba ne." Wani ma ya ce haka. Abin da ofishinmu ya shekara yana nema a cikin fayil, ga shi ya fito a gindin darbejiya, saboda wani gajere mai tumbi ya riga kowa jin kunya. Suka sa na riƙe kwalin ƙarshe har hannuna ya gaji, Malam Ado ya tsuguna yana auna yatsu huɗu a ƙasa. Da za mu tafi mai unguwa ya roƙi a bar musu kwalayen Tanko. Na tambaye shi na Sarkin Ƙarfi fa, ya ce a'a, kada a tauye wa sauran garuruwa haƙƙinsu.

A mota muna hanyar komawa Wudil, Alhaji ya juyo daga kujerar gaba ya ce, "Wannan mai buhun shi za a buga, a cire mai tashin. Dabarar wa ce?"

Malam Lawan ko tari bai yi ba. "Ranka ya daɗe, wata hanya ce da muka koyo a kwas. Sai ka fara nuna musu wanda ya fi ƙarfinsu, sannan ka kawo daidai su. Na jima ina koya wa yaron nan."

Alhaji ya dube ni. "Haka ne, Malam Garba?"

Na tuna da jaririyata, na tuna da ƙurar tasha. Na ce, "Haka ne, ranka ya daɗe."

Takardata ta fito kafin wata biyun su cika. A rahoton da ya raka ta, Malam Lawan ya rubuta cewa ina da hannu mai kyau kuma ina bin umarni. Shi kuma aka ƙara masa girma, aka tura shi wani kwas ɗin don ya ƙaro irin wannan basira. Kura da shan bugu, gardi da karɓar yabo. Na ji ciwon abin, kuma ban daina ji ba.

Ga abin da na koya, ku riƙe shi. Mutanenmu ba sa ɗaukar darasi daga wanda ba ya faɗuwa, sai dai su yi masa madalla. Wanda ya faɗi a gabansu, ya tashi yana karkaɗe riga, shi suke buɗe wa ciki, domin ya ɗauke musu nauyin fara faɗa. In za ku zana jarumi, ku bar masa tumbinsa da tsoronsa. Amma kada ku ɗauka wanda ya zana shi ya fi shi. A rana ɗaya na ga tsohon da bai san bihim ba ya miƙe a gaban surukansa ya faɗi gaskiyar da za ta zubar masa da girma. Ni kuwa da aka tambaye ni gaskiyar da za ta ɗaga nawa, ƙasa na kalla.