Bikin da Malama Asabe Ba Ta Gani Ba

Asabe ta zo Kano daga Zonkwa tana amarya, ta shekara goma sha takwas tana koyar da 'yan aji biyu a wata firamare da ke Tarauni. A unguwarsu Gyaɗi-Gyaɗi kowa Malama yake ce mata. Ita ke jan waƙa a zumuntar matan cocinsu.

Shekarar da soja suka miƙa wa farar hula mulki ciwo ya same ta. Ta fara magana ita kaɗai, ta ƙi abinci, wai an sa mata guba. Wata rana ta tsaya gaban allo tana kuka har aka tashi.

Lokacin saura wata uku bikin 'yarta Comfort. Mijinta Bulus ya san mutanensu: ba su da yawa a Kano, magana ba ta kwana ba ta kai gida Zonkwa ba, kuma ba mai neman aure a gidan da aka ce akwai hauka. Sai ya sa wa ɗakinta kwaɗo, ya ce wa 'yan coci ta tafi ƙauye.

Uwani, maƙwabciyarsu mai sayar da waina, ta jiyo muryarta ta katanga. Ta tare Bulus a ƙofar gida.

"Baban Comfort, ka kai baiwar Allahn nan asibiti."

"A danginmu ba a hauka, Uwani. Jifa aka yi mata. Bari dai a gama biki."

Aka yi biki, ƙanwar Bulus ta zauna a matsayin uwar amarya.

Bayan sati biyu Comfort ta dawo da guduma ta ɓalle kwaɗon, ta kai uwarta asibiti. Wata huɗu tana shan magani, hankalinta ya dawo. Amma an riga an ba wata ajinta. In ta kai abinci zumunta, kowace mace sai ta ce ta ƙoshi.

Ran nan ta roƙi Comfort hotunan bikin. Ta daɗe tana kallonsu.

"Wa ya ɗaura miki kallabin nan? Ya karkace."

Comfort ta durƙusa tana kuka. "Mama, ki yafe mini. Na san kina cikin ɗakin."

"Na ji lokacin da aka fito da ke," in ji Asabe. "Na yi ta kiranki, guɗa ta yi yawa."

Ta ƙara shekara shida a duniya, ba ta sake riƙe alli ba. Hawan jini ne ya yi ajalinta. Uwani ta ce ranar jana'izar cocin ya cika har waje.