Gwangwanin Dama da na Hagu

Sunan da aka san shi da shi a layin masu shaguna shi ne Aljihu, saboda falmaran ɗin da yake sawa kullum, mai aljihu bakwai. Mai ɗaukar hoto ne, ya haura sittin, kuma ba a cika ganinsa zaune ba. Ko shayi yake sha, hannu ɗaya na kan kofi, ɗayan na lalube a ƙirji.

Ya fara sana'ar tun zamanin fim, lokacin da naɗi ɗaya hoto talatin da shida yake ɗauka, in ya ƙare ya ƙare. Da kyamarar zamani ta zo bai yi gardama ba, ya saya. Abin da bai yarda da shi ba shi ne babban katin memori. Abokan sana'arsa kati ɗaya suke sawa, mai giga ɗari da wani abu, su yini suna dannawa. Shi kuwa ƙanana yake ɗauka, masu giga takwas da sha shida, guda goma sha biyu. Hujjarsa ita ce in babba ya lalace, ya tafi da aikin mutane gaba ɗaya.

Yana zuba su a tsofaffin gwangwanayen fim guda biyu, baƙaƙe, iri ɗaya. Na aljihun dama na katunan da babu komai a kansu ne. Na hagu na waɗanda ke ɗauke da aikin da masu shi ba su karɓa ba. Da ya zaro kati daga dama ya sa a kyamara, babban yatsansa ke goge shi tas, ba ya ko dubawa. Shekaru ya yi a haka bai taɓa kuskure ba.

Maƙwabcin shagonsa mai aski ne, sa'ansa, abokin tsokanarsa. A bana ciwo ya kwantar da mai askin, har 'ya'yansa da ke warwatse a garuruwa suka haɗu a gida, abin da suka daɗe ba su yi ba. Ya aika aka kira Aljihu.

"Ka ɗauke mu duka, kafin kowa ya kama gabansa," in ji shi. "Kuma kada ka fito da ni kamar gawa."

"Kyamara ba ta ƙarya, tsoho. Gyara hularka."

Aljihu ya ɗauke su a tsakar gida, a kan wani shuɗin kati mai tsagaggen gefe, ya jefa shi a gwangwanin hagu. Washegari da sassafe 'ya'yan suka watse, har da babbar da ke aiki a wata ƙasa.

A safiyar nan yana da aiki a makarantar koyon jinya da ke ɗaya gefen gari, ana yaye ɗalibai. Ya makara. Falmaran ɗin ma da ɗanshi ya same shi a kan igiya, don maiɗakinsa ta gaji da warin gumi ta wanke shi. Ya zura, ya taɓa aljihun dama, ya ji katuna na ƙara, ya fita.

A zauren taron ya tarar da Dogo, wani mai hoto da suka saba haɗuwa a wuraren aiki.

"Baba Aljihu, an iso da kantin katuna?" in ji Dogo. "Ni dai kati ɗaya ne, ya ishe ni har jibi."

"Ranar da zai yi maka tsiya ina nan."

Ya zaro kati daga dama, yatsa ya yi aikinsa, ya fara ɗaukar zauren da manyan baƙi. Ya danna kamar sau ashirin sai wayarsa ta yi ƙara. Maiɗakinsa ce.

"Maigida, ka bar gwangwaninka ɗaya a kan taga. Ɗaya na mayar maka, na mance da ɗayan."

Ya dafa aljihun hagu, wayam.

"Bar shi, na cikakku ne." Har zai kashe wayar, sai ya fasa. "Tsaya. Wanne kika mayar a dama?"

"Yo ni ina na sani? Ai duk baƙaƙe ne."

"Buɗe ki duba. Akwai wani shuɗi mai tsagaggen gefe?"

Ya ji ƙarar zubo katuna a kan tire.

"Babu shuɗi ko ɗaya."

Ya buɗe murfin kyamara. Shuɗin katin na ciki.

Abin da masu sana'ar suka sani shi ne, katin da aka goge ba lallai hotunansa sun tafi ba, muddin ba a ɗora sababbi a kansu ba. Shi kuwa ya ɗora ashirin. Ya zare katin, ya naɗe shi a hankici, ya cusa a aljihun ciki. Ya gaya wa maiɗakin ta hau mota ta kawo masa gwangwanin.

"Yanzu? Tukunya na kan wuta!"

"Sauke ta, don Allah."

An fara kiran ɗalibai. Ya matsa kusa da Dogo, murya ƙasa-ƙasa.

"Kana da wani kati?"

"Ai na gaya maka ɗaya ne. Mai kanti ke neman aro?"

Duk katunan da ke hannunsa na ɗauke da aikin mutane. Sai dai yana da wata ɗabi'a tun ta zamanin fim: ba ya cika kati har baki, yakan bar ɗan wuri a ƙarshe. Da wannan ragowar ya yi aikin. Wani katin ya ba shi hoto talatin, wani tara. Duk sanda ya canza, sai ya danne babban yatsansa da sauran yatsun, don kada ya tafi inda ya saba. Dogo na danna goma a kan kowace ɗaliba, shi kuwa yana jira sai hannunta ya kama takardar shaida, fuskarta ta juyo, sannan ya danna sau ɗaya. Tsakanin ɗaliba da ɗaliba yana leƙen ƙofa, yana taɓa hankicin.

Maiɗakin ta iso ana tafin ƙarshe, tana haki, gwangwani a hannu.

"Ga shi. An gama ne?"

"An gama."

"To sai ka mayar da ni da kanka."

Bai kai ta gida ba sai da suka biya ta kasuwa, wurin wata mai gyaran kwamfuta da yake kai wa aiki. Mai gyaran ta sa katin a na'ura ta ce ya zauna. Bai zauna ba. Ya je bakin ƙofa ya dawo, ya gyara mata wayoyin da ba ta ce a gyara ba.

"Baba, in ba ka daina zagaye ba zan kashe ta," in ji ta.

Hotuna suka fara fitowa. Na farko-farkon, waɗanda aka tsaya cak kowa na kallon kyamara, su ne sababbin hotunan suka hau kansu. Wasu ba su buɗe ba, wasu rabinsu toka-toka, ƙafafu ba kawuna. Can ƙasa aka sami guda ɗaya lafiyayye, kowa na ciki. Irin wanda Aljihu kan jefar ne. Ya danna shi bayan ya ce an gama: mai aski ya ɗaga yatsa yana zaginsa, baki buɗe, hula a karkace, babbar 'yar ta kifa kai a kafaɗar uban tana dariya, sauran duk haƙora waje.

Aljihu ya daɗe yana kallo.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Baba."

Ya wanke shi babba, ya sa a firam, ya kai da kansa. Bai ɓoye komai ba, ya faɗa wa mai askin yadda aka yi. Tsohon ya sa aka tayar da shi zaune, ya riƙe hoton nesa da ido.

"Kati goma sha biyu, hoto ɗaya. Shi ma bakina a wangale."

"Ka ce kada in fito da kai kamar gawa."

Mai aski ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya sa aka cire agogon da ke fuskantar gadonsa, aka rataye hoton a wurin.

Har yanzu Aljihu kati goma sha biyu yake ɗauka. Maiɗakinsa ta shafa jan fenti a murfin gwangwanin hagu, shi kuma yakan duba kowane kati kafin ya goge. Shuɗin ba ya shiga dama ko hagu. Yana aljihun ciki, a hankicinsa, kuma can hannunsa ya fi yawan zuwa.